Tsohon Amo da Sabuwar Ƙira: Muhawarar da Ta Raba Masoya Jitar Katako

Daga cikin kayan kiɗan da suka bazu a duniya a ƙarni na ashirin, da wuya a sami wanda masu shi suke kishin siffarsa kamar jitar katako, wato jitar da take fitar da amonta daga cikin akwatinta ba tare da an jona ta da lantarki ba. Kowace shekara manyan kamfanoni da ƙananan masassaƙa a Amurka da Turai da Asiya suna fito da sababbin ƙire-ƙire, wasu sun sauya tsarin cikin akwatin, wasu sun ɗauke ramin sauti daga tsakiya sun kai shi gefe, wasu kuma sun rabu da katako ɗungurungum, amma har yau jitar da ta fi daraja a wurin mafi yawan makaɗa da masu tara kayan kiɗa ita ce wadda aka ƙera bisa tsarin da ya zauna tun shekarun 1930, ko ma kafin nan. Ana yawan ɗaukar wannan a matsayin taurin kai irin na masu ra'ayin riƙau, alhali tarihin jita cike yake da manyan sauye-sauye da makaɗa suka karɓa hannu bibbiyu. Abin da ya cancanci bincike shi ne dalilin da ya sa suke rungumar wani sabon abu, su juya wa wani baya.

Ba za a fahimci muhawarar ba sai an san yadda jita take aiki. Tsirkiya ita kaɗai ba ta iya motsa iskar da kunne zai ji daga nesa, saboda haka girgizarta takan bi ta kan jaki, wato ɗan katakon da tsirkiyoyi suke hawa, ta shiga allon fuskar jita, shi kuma ya kaɗa iska kamar yadda fatar da aka ɗaure wa garaya take yi. Allon nan siriri ne ƙwarai, kaurinsa bai cika wuce milimita 3 ba, kuma galibi ana yanko shi ne daga sifrus, wani itace na ƙasashen sanyi mai ƙarfi da rashin nauyi. Tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wannan allo da ƙarfin da ya kai kimanin kilo 70 dare da rana, don haka dole a manna masa siraran sanduna ta ciki, waɗanda za a iya kira haƙarƙari, domin su hana shi lanƙwashewa ko tsagewa. Duk gwanintar masassaƙin jita tana cikin sasanta buƙatu biyu masu karo da juna: idan haƙarƙarin ya yi nauyi amo ya mutu, idan ya yi sauƙi jita ta lalace tun ba ta tsufa ba.

Abin da ake kira tsarin gargajiya a yau gado ne daga wurare biyu. Na farko shi ne Antonio de Torres, masassaƙin Sifaniya da ya rayu daga 1817 zuwa 1892, wanda ya faɗaɗa akwatin jita, ya sirantar da allon fuska, ya kuma jera haƙarƙari bakwai a baje daga ƙasan ramin sauti, tsarin da jitar kiɗan kilasik take bi har yanzu. Na biyu shi ne gidan Martin, wanda Christian Frederick Martin ya kafa bayan ya yi ƙaura daga Jamus zuwa birnin New York a 1833, sannan ya koma garin Nazareth na jihar Pennsylvania a 1839. A shekarun 1840 gidan ya fara gicciye manyan haƙarƙari biyu a siffar harafin X, tun ana amfani da tsirkiyar hanji, kuma sai a shekarun 1920, lokacin da tsirkiyar ƙarfe ta mamaye kasuwa, aka ga cikakken amfanin wannan tsari. Babbar jitar nan mai faɗin kafaɗa da ake kira Dreadnought, wadda ta samo sunanta daga wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila na 1906, an fara yin ta ne a 1916 domin kamfanin Ditson, kuma ta shafe shekaru ba ta da kasuwar kirki. Martin ya saka ta cikin jerin kayansa da sunansa a 1931, ya tsawaita wuyanta a 1934, bayan ya gwada dogon wuya a 1929 bisa shawarar wani makaɗin banjo mai suna Perry Bechtel. Mawaƙan karkara na Amurka, waɗanda suke neman jitar da za a ji kaurin muryarta a tsakiyar banjo da goge a gaban makirufo ɗaya, su ne suka ɗaga ta. Saboda haka siffar da ake karewa yanzu da sunan gado ta shigo ne a matsayin baƙuwa, kuma buƙatar makaɗa ce ta zaunar da ita.

Shekaru kaɗan na wancan zamani, daga kusan 1930 zuwa 1944, su ne suka zama ma'aunin da ake auna kowace jita mai tsirkiyar ƙarfe da shi. Dalilin yana da alaƙa da faifai: amon da jama'a suka tashi suna ji a kiɗan karkara da na bulugiras, da kuma na mawaƙan da suka yi tashe a shekarun 1960, amon waɗannan jitoci ne da 'yan uwansu na kamfanin Gibson, har kunne ya saba, ya ɗauka cewa haka jita take magana. Shi kansa Martin bai tsira daga wannan ma'auni ba. A 1944 ya daina ƙwaƙule tsakiyar haƙarƙari, wata dabara da take rage nauyi ta ƙara wa allo girgiza, saboda tsirkiyoyi masu kauri suna kumbura fuskokin jitoci, a 1969 kuma ya bar itacen rozwud na Burazil ya koma na Indiya. Makaɗa sun yi ta ƙorafi, suna farautar tsofaffin jitoci a shagunan kayan gwanjo, har kamfanin ya dawo da ƙwaƙulallen haƙarƙari a samfurin HD-28 a 1976, daga baya kuma ya buɗe wani jeri mai suna Authentic, inda ake kwaikwayon jitocin shekarun 1930 har da gam ɗin da ake dafawa daga fatar dabba. Yau akwai masana'anta guda da ta dogara ga wannan ƙishirwa: ana gasa katako a tanda marar iska domin ya yi halin wanda ya shekara da yawa, wasu ma suna ƙirƙirar ƙarzuwa da tsagewar fenti a jikin sabuwar jita. Wannan na ƙarshe bai da wata alaƙa da amo, kuma yana nuna iyakar inda ido yake shiga gaban kunne.

Ƙire-ƙiren da suka faɗi suna koyar da darasi fiye da waɗanda suka yi nasara. Mario Maccaferri, wanda ya tsara jitar Selmer da makaɗi Django Reinhardt ya shahara da ita, ya fitar da jitar roba a Amurka a 1953, kuma ko da yake ƙananan ukulelensa na roba sun sayu da miliyoyi, makaɗan jita sun ɗauki tasa a matsayin kayan wasan yara. A 1975 Gibson ya fito da jerin Mark, bisa nazarin wani masanin kimiyya mai suna Michael Kasha, da haƙarƙari marasa daidaito a ɓangarori biyu da jaki mai baƙuwar siffa, amma kafin 1980 an daina yin su, domin amon da suka bayar bai kai abin da aka yi alkawari ba, siffarsu kuma ba ta yi wa masu saye daɗin gani ba. Labarin kamfanin Ovation ya bambanta. Charles Kaman, injiniyan jirage masu saukar ungulu, ya fara sayar da jita mai baya zagayayye na zaren gilashi a 1966, kuma masu kishin katako sun soke ta tun daga farko, suna cewa amonta siriri ne, tana kuma zamewa daga cinyar mai kaɗawa idan yana zaune. Duk da haka ta mamaye dandalin wasanni a shekarun 1970, bayan mawaƙi Glen Campbell ya riƙa kaɗa ta a shirinsa na talabijin, saboda tana ɗauke da na'urar ɗaukar sauti a cikin jaki wadda ta ba mawaƙi damar jona jitar katako da lasifika ba tare da ƙarar shewa ba. Da sauran kamfanoni suka koyi saka irin wannan na'ura a cikin jitoci masu siffar da aka saba, sai tauraron Ovation ya dusashe. Makaɗa sun ɗauki maganin matsalarsu, suka bar siffar da ya zo a ciki.

Babu kamfanin da ya fi fahimtar wannan hali kamar Taylor, wanda Bob Taylor da Kurt Listug suka kafa a Kalifoniya a 1974. Daga waje jitar Taylor ba ta tsorata kowa, amma yadda ake haɗa ta ya saɓa wa al'ada. A tsarin gado, ana sassaƙa gindin wuyan jita ya shiga wani gurbi a jikin akwati, a manne shi da gam. Bayan shekaru masu yawa jan tsirkiya yana karkatar da wuyan, tsirkiyoyi su yi nisa da shi, yatsu su sha wahala, kuma gyaran yana buƙatar a huda, a hura tururi ya narkar da gam, a cire wuyan, a sake sassaƙa shi. Aiki ne mai tsada da ba kowane mai gyara yake iyawa ba. Taylor ya ɗaure wuya da noti, a 1999 kuma ya fito da tsarin da ake daidaita kusurwar wuyan ta hanyar sauya wasu siraran katakai, aikin da ba ya ɗaukar ko da yini guda. Masu kishin gado sun dage cewa haɗin gam ya fi isar da girgiza daga wuya zuwa akwati, sai dai wannan hujja ta yi rauni da aka ga cewa kamfanonin Collings da Bourgeois, waɗanda ake yabo saboda amonsu irin na dā, su ma da noti suke ɗaure wuya. A nan sabuwar dabara ta yi nasara domin a ɓoye take, kuma mai jita yana ganin amfaninta a aljihunsa.

Ƙura ta fi tashi a watan Janairun 2018, lokacin da Andy Powers, babban mai tsara jitocin Taylor, ya maye gurbin haƙarƙarin X da wasu dogaye biyu da suke buɗewa a siffar harafin V. Kamfanin ya ce sabon tsarin yana ƙara ƙarfin amo da daɗewarsa a lokaci guda, abubuwa biyu da aka saba cewa idan ɗaya ya ƙaru ɗaya yana raguwa, ya kuma ce sautuka suna ƙara jituwa da juna a duk tsawon wuya. Wannan da'awa ta biyu ita ce ta fi tada jijiyoyin wuya, domin masu suka sun ce daidaiton sauti ya dogara ne ga tsawon tsirkiya da inda aka dasa ƙarafan wuya, ba ga abin da ke cikin akwati ba. Masu goyon baya suka amsa cewa allon fuska yana da nasa sautukan da suke iya ja ko tura na tsirkiya, kuma allon da yake girgiza cikin tsari yana rage wannan karo. Waɗanda suke kaɗawa da yatsu ko suke naɗar sauti a situdiyo sun yaba tsabtar amon, masu bugun ƙarfi kuwa da yawansu sun ce kaurin ƙasa ya ragu, jitar ta yi ladabi fiye da kima. Wannan ƙorafi yana da ma'ana: gurnanin da ake so a tsohuwar Dreadnought yana fitowa ne daga rashin daidaiton da sabon tsari yake ƙoƙarin kawarwa, kuma abin da injiniya yake gani aibi shi ne makaɗi yake kira hali. Shekara guda bayan haka Taylor ya fitar da Grand Pacific, jita mai zagayayyar kafaɗa da amo mai ɗumi, a 2020 kuma Martin ya fito da SC-13E, mai karkataccen akwati da wuyan da ake daidaitawa da noti, kowane ɗaya yana leƙa gonar ɗan uwansa.

A fagen jitar kilasik, mai tsirkiyar nailan, muhawarar ta fi zurfi domin a can sabon tsari ya sauya muryar kayan kiɗan da gaske. Matsalar tsohuwa ce: jita ba ta da ƙarfin cika babban zaure ko yin gogayya da ƙungiyar makaɗa. Greg Smallman na Ostireliya ya magance ta da allon fuska siriri fiye da na al'ada, wanda ya tallafa da saƙar haƙarƙari ta itacen balsa da zaren kabon, ya kuma yi baya da gefe masu nauyi domin kada su sha ƙarfin girgizar. Makaɗi John Williams ya koma kaɗa jitocinsa a shekarun 1980, abin da ya ba tsarin suna a duniya. A Jamus kuma Matthias Dammann da Gernot Wagner suka ƙirƙiri fuska mai hawa biyu, wato siraran alluna biyu da aka raba da wani abu mai ramuka marar nauyi da ake kira Nomex, kuma manyan makaɗa irin su David Russell da Manuel Barrueco sun karɓe ta. Babu mai musun cewa waɗannan jitoci sun fi ƙara. Abin da masu bin tafarkin Torres da masassaƙi Hermann Hauser suke cewa shi ne sun rasa launi: a jitar gado, idan makaɗi ya matsar da hannunsa kusa da jaki ko ya sauya kusurwar farcensa, amo yana rikiɗa daga kaifi zuwa taushi a fili, a wasu sababbin kuwa kowane sauti yana fita da ƙarfi iri ɗaya, har wasu suna jin kamar ta hanci yake fitowa. Akwai kuma batun gyara, domin allon katako guda idan ya tsage ana ɗinke shi da gam da ƙananan faci ya ƙara shekaru hamsin, amma fuska mai hawa biyu idan ta huje sau da yawa sai dai a sauya ta gaba ɗaya. Waɗannan hujjoji biyu su ne mafi ƙarfi da masu kishin gado suke da su, kuma bai dace a kore su da sunan tsoron ci gaba ba. Abin lura kawai shi ne makaɗi Andrés Segovia, wanda ake jingina tsohon amo gare shi, shi ne ya ƙarfafa wa Albert Augustine gwiwa ya samar da tsirkiyar nailan a shekarun 1940, wadda ta kori ta hanji cikin ɗan lokaci.

Inda hujjar gado take da rauni shi ne batun katakon baya da gefe. An daɗe ana cewa rozwud na Burazil yana da zaƙin da babu irinsa, kuma farashinsa ya ninka na sauran sau da yawa. A 2018 Samuel Carcagno da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon wani gwaji da aka gudanar a Jami'ar Lancaster ta Ingila, inda masassaƙi Roger Bucknall na kamfanin Fylde ya ƙera jitoci shida iri ɗaya, sai dai bayansu da gefensu daga itatuwa daban-daban, ciki har da rozwud na Burazil da na Indiya da mahogani da sapele, wani itacen Afirka mai araha. Makaɗa 52 suka kaɗa su a ɗaki mai duhu sanye da tabarau irin na masu walda, kuma makin da suka ba jitocin ya zo kusan ɗaya, waɗanda aka gwada su kan bambance ɗaya daga ɗaya kuma da ƙyar suka wuce cinta. Torres da kansa ya nuna hakan tun 1862, da ya ƙera jita mai baya da gefe na kwali domin ya tabbatar cewa amo daga fuska yake, kuma tana nan a gidan tarihin kiɗa na Barselona. Gwaji ɗaya ba ya rufe ƙofar bincike, kuma bai ce duk jitoci ɗaya suke ba, amma ya isa ya sa a yi shakkar cewa kuɗin da ake zubawa kan itacen da ya kusa ƙarewa na kunne ne. Kasuwa ma tana ba da shaida daga wani gefe: jitar Martin D-18E ta 1959, samfurin da bai karɓu ba a zamaninsa, an sayar da ita kan kimanin dala miliyan 6 a 2020 saboda mawaƙi Kurt Cobain ya kaɗa ta.

Wannan batu ya wuce na ɗanɗano, domin dazuzzukan da aka gina tsohon amo a kansu sun ragu. Yarjejeniyar CITES, wadda take sa ido kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ɓacewa, ta sanya rozwud na Burazil a jerin da aka fi tsaurarawa a 1992, a farkon 2017 kuma ta shigar da sauran danginsa ƙarƙashin izini, abin da ya dagula cinikin jita tsakanin ƙasashe har sai da aka sassauta wa kammalallun kayan kiɗa a ƙarshen 2019. Hukumomin Amurka sun kai samame masana'antun Gibson a 2009 da 2011 kan katakon da aka shigo da shi daga Madagaska da Indiya, kuma a 2012 kamfanin ya amince ya biya tarar dala 300,000. Eboni, baƙin itacen nan ɗan uwan kanya da ake shimfiɗawa a kan wuyan jita, mafi yawansa yanzu daga dazuzzukan tsakiyar Afirka yake fitowa. Da Taylor da kamfanin Madinter na Sifaniya suka sayi masana'antar yanka katako ta Crelicam a Yawunde ta Kamaru a 2011, Bob Taylor ya bayyana cewa masu sara sun shaida masa suna kayar da itatuwa kusan goma kafin su sami ɗaya mai baƙi wuluk, sauran kuma a bar su su ruɓe a daji saboda masu saye ba sa son eboni mai ratsin fari ko ruwan ƙasa. Babu wani bambancin amo ko ƙarfi da aka nuna tsakanin su biyun. Al'adar ido ce kawai ta jawo wannan ɓarna, kuma abin takaici ne cewa an yi ta da sunan inganci. Kamfanin ya yanke shawarar sayen mai ratsin ya saka shi har a jitocinsa mafi tsada, kuma bayan ɗan gunaguni masu saye suka saba, wasu ma suka fara nemansa.

Jitar zaren kabon, irin wadda kamfanin RainSong ya fara yi a Hawai da wadda kamfanin Emerald yake yi a Ayalan, ita ce iyakar wannan tafiya, kuma ita ce ta fi shan suka, ana cewa amonta sanyi ne, ba ya kuma nuna da shekaru yadda ake cewa na katako yana yi. Amma masu ƙera jitar katako suna ba da shawarar a ajiye ta a inda damshin iska yake tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari, alhali a Kano ko Damagaram damshi yakan sauka ƙasa da kashi 20 a lokacin hunturu, ya kuma haura sosai da damina. A irin wannan yanayi allon katako guda yana tsukewa ya tsage, jaki ya ɗaye, ƙarafan wuya su fito ta gefe su yanki yatsa, kuma jitar da take jurewa ita ce ta katako mai hawa-hawa da masu tara kayan kiɗa suke rainawa, ko ta kabon ga wanda yake da kuɗinta. Mafi yawan hukuncin da ake yankewa kan wace jita ce ta ƙwarai ana yanke shi ne a ɗakuna masu na'urar daidaita damshi a Amurka da Turai, ba tare da la'akari da makaɗin da jitarsa take kwana a ɗakin kwano ba.